A ƘIRGA HAƘORA KAFIN A BIYA KUƊI

(Wannan shi ne jawabin da ɓangaren makanikai na ƙungiyarmu ya gabatar a nan Sabo, gaban iyayenmu da fatake da direbobi, a kan sauya giyar aksil a motocin da ke shiga daji. Mun buga shi yadda aka karanta shi, don amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.)

 

Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu masu gidajen goro da na doya. 'Yan'uwanmu direbobi da makanikai da yaran mota. 

Shugabanni sun umarce mu, mu makanikai, da mu zo mu yi wa jama'a bayani a kan wata matsala da ta yawaita a garejinmu, har tana neman haɗa maigida da direbansa faɗa. Matsalar kuwa ita ce, mutum ya sa wa akori-kurarsa manyan tayoyi don shiga daji, ko kuwa aksil ɗin baya ya lalace, ya je kasuwa ya sayo na tokunbo aka ɗaura masa. Kwana biyu sai mota ta canja hali. Ba ta son hawa, tana cin kuloci, tana zuƙar mai, ko kuma ana sa mata giyar ƙafa huɗu ta ɗaure kamar an turke ta. Direba ya ce inji ya gaji. Maigida ya ce direba ne ba shi da tattali. Daga ƙarshe su biyun su taru a kan makanike. Alhali sau da yawa inji lafiyarsa lau, direba ma bai yi komai ba. Abin yana cikin tukunyar aksil, a wasu haƙora da ba wanda ya damu ya ƙirga.

Kowa a nan ya san inda abincinmu yake. Goro yana ƙauyukan Shagamu da Ijebu-Igbo da Ife da Ondo da Ile-Oluji. Doya tana Oke-Ogun, wajejen Saki da Igboho da Kishi. Duk waɗannan wurare kwalta takan raka ka zuwa babban gari ne, ta yi maka sallama. Daga nan sai jar laka mai santsi, da ƙoramu, da hawa irin na Idanre da ƙasar Ekiti. Damina kuwa a nan kurmi tana ɗaukar wajen watan Afrilu zuwa Oktoba, kuma kakar goro tana shigowa ne hanya ba ta gama bushewa ba. Motar da ta tsaya a irin wannan wuri da huhunan goro a bayanta, asara ce ake ƙirgawa da awa. Ga kuɗin jawo ta, ga kaya na shan zafi, ga direba da yaronsa za su kwana a dajin da ba su san kowa ba. Saboda haka maganar ta shafi mai mota da mai kaya baki ɗaya.

ME KE CIKIN TUKUNYAR AKSIL?

In ka leƙa ƙarƙashin mota ta baya, za ka ga wani ƙullutu a tsakiyar aksil mai kama da tukunya. Farfela, wato doguwar sandar ƙarfen nan da ta taso daga giyabos, a nan ta ƙare. A bakinta akwai ƙaramin ƙarfe mai haƙora da muke kira finiyon. Shi ne yake juya wani babban faifai mai haƙora, faifan kuma ya juya tayoyi. A tsakiyar faifan akwai wasu 'yan ƙananan giyoyi, waɗanda aikinsu shi ne su bar tayar waje ta fi ta ciki gudu in an zo kwana, domin tafiyarta ta fi tsawo. Wannan haɗin shi Turawa ke kira difarenshal. Motar ƙafa huɗu tana da guda biyu, ɗaya gaba ɗaya baya.

To, abin da muke son kowa ya riƙe shi ne wannan: a ƙirga haƙoran babban faifai, a raba da haƙoran finiyon. Abin da ya fito shi ne lambar aksil. In faifai yana da haƙora 41, finiyon yana da 10, lambar ita ce 4.10. Ma'ana sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗori kafin taya ta juya sau ɗaya. Ga waɗanda ake yawan gamuwa da su a Toyota Hilux da danginta:

Haƙora 41 da 10, lamba 4.10.
Haƙora 43 da 10, lamba 4.30.
Haƙora 41 da 9, lamba 4.56.
Haƙora 39 da 8, lamba 4.88.
Haƙora 37 da 7, lamba 5.29.

Ku lura da na farko da na uku. Faifan duka 41 ne, haƙori ɗaya tak na finiyon ne ya raba su, amma bambancin ya kai kashi 11 cikin ɗari. Wanda ya ƙirga faifai kawai ya tsaya, bai ƙirga komai ba.

Ƙaramar lamba ita ce aksil mai gudu. Babbar lamba ita ce aksil mai ja. 'Yan acaɓa sun san wannan a aikace: in ka sa wa babur babban faifan sarƙa a tayar baya, zai hau tudu da buhu biyu, amma a miƙaƙƙiyar hanya kowa zai wuce ka. Haka abin yake a mota. Giya ba ta ƙara wa inji ƙarfi ko na anini. Musaya ce kawai, ka ba da gudu ka karɓi ja, ko ka ba da ja ka karɓi gudu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

ABIN DA BABBAR TAYA KE YI WA MOTA

Ba mu ga laifin mai sa babbar taya ba, yana da dalilinsa. Abin da ke fara dukan ƙasa a hanyar da manyan motocin katako suka ƙwaƙule shi ne tukunyar aksil. Ko ka ƙara wa sifirin ganye goma, jikin mota ne zai tashi, tukunya tana nan inda take. Taya ce kaɗai ke ɗaga ta.

Amma mu yi lissafi. Tayar 205R16 da yawancin tsofaffin Hilux suka zo da ita, tsayinta wajen inci 29 ne. Tayar 285/75R16 kuwa wajen inci 33. Ka ƙara inci 4 a tsayin taya, tukunya ta tashi da rabin haka, wato inci 2, kimanin santimita 5. Wannan ita ce ribar. Ga kuma abin da aka biya: ƙaramar tayar takan ci ƙasa mita 2.3 a juyi ɗaya, babbar kuwa mita 2.6. Inji ɗaya, giya ɗaya, amma an ce ya tura mota nesa a kowane juyi. Ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan kashi 12 cikin ɗari, tamkar an ɗauke ka daga aksil mai ja an mayar da kai mai gudu ba ka sani ba.

A lamba huɗu, wadda a irin waɗannan motoci inji da farfela suke juyi ɗaya, motar da ke da aksil 4.30 da tayar asali tana tafiyar kilomita 80 a awa inji yana juyi wajen 2,500 a minti. Da babbar taya, juyin ya sauka wajen 2,200. A shimfiɗaɗɗiyar hanya babu lodi za ka ji daɗi, har ka ce mota ta yi sanyi. Ka ɗora kaya ka fuskanci tudu, sai ka ji inji yana nishi. Direba ya koma lamba uku, ya koma biyu, wajen tashi kuma ya riƙa riƙe kuloci rabi da rabi don kada mota ta mutu. Warin da kuke ji a gindin tudu ke nan. Kuloci ne ke ƙonewa, kuma ba laifin ƙafar direba ba ne.

Akwai wani abu kuma. A tsofaffin motoci, maleji yana karanta juyin farfela ne, bai san girman taya ba. Da babbar tayar nan, allura tana nuna 80 alhali kana tafiyar kusan 91. Kilomitocin da yake ƙirgawa su ma sun gaza na gaskiya, saboda haka lokacin juye baƙin mai yana wucewa ba a sani ba, lissafin man da maigida ke yi wa direba shi ma ya karkace.

Maganin a lissafi yake, kuma yaron firamare zai iya shi. Ɗauki lambar aksil ta asali, ka ninka ta da tsayin sabuwar taya, ka raba da tsayin tsohuwar. 4.30 sau 33, a raba da 29, ya ba ka 4.89. Mafi kusa a kasuwa ita ce 4.88. In ka sa wannan, inji ya koma juyinsa na 2,500 a kilomita 80, maleji ya dawo gaskiya, mota ta dawo da halin da kamfani ya yi ta da shi. Wani misalin: mai 4.10 da ya sa 7.50R16 ko 265/75R16, waɗanda tsayinsu ya kusa inci 32, lissafinsa zai ba shi 4.52, sai ya nemi 4.56. In bambancin taya bai wuce inci ɗaya ba, a bar aksil yadda yake, bai cancanci kashe kuɗi ba.

Kada kuma a zarce. Wanda ya sa 4.88 a kan ƙaramar taya, injinsa zai riƙa juyi wajen 2,800 a kilomita 80. In ya hau babban titin Legas zuwa Ibadan, inji zai yi ta ihu yana zafi yana shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da lita ɗaya take nufi a aljihu. Sannan duk sa'ad da lamba ta hau, finiyon yana ƙanƙancewa. Mai haƙora 7 ba ya jure duka kamar mai 10.

GABA DA BAYA SAI SUN ZO ƊAYA

Jama'a, in an manta duk abin da muka faɗa yau, kada a manta wannan. A motar ƙafa huɗu, lambar aksil ɗin gaba da ta baya dole su zama ɗaya. Ba kusa da juna ba, ɗaya.

Dalili kuwa, in ka sa giyar ƙafa huɗu a irin su Hilux, ƙaramin akwatin da ke bayan giyabos yana ɗaure farfelar gaba da ta baya su riƙa juyi tare. To a ce gaba 4.10 ne, baya kuma 4.56. Yayin da tayoyin baya ke son cin mita 100, na gaba suna son cin mita 111. Ina mita 11 ɗin za su tafi? A cikin taɓo, taya za ta riƙa zamewa tana rage abin, sai dai mota ta riƙa wulgawa. Da an taka ƙasa mai tauri, babu zamewa, sai ƙarafa su riƙa murɗa juna. Sandar giyar ta ƙi fita, kuros ɗin farfela ya ɓalle, ko sarƙa ko haƙoran cikin akwatin su tafi. Kamar shanun huɗa biyu ne a karkiya ɗaya, wannan na sauri wannan na nawa. Ko karkiya ta karye ko wuya.

Mugun abin shi ne, wannan cuta ba ta nuna kanta a gari. A kan kwalta baya kaɗai ke ja, saboda haka mutum zai ɗaura aksil na tokunbo ya yi wata uku yana yabon mai shago. Ranar da za ta bayyana ita ce ranar da ya fi bukatar ƙafa huɗun, a tsakiyar daji, da lodi, hadari ya haɗo.

Yaya aka yi ake samun wannan kuskure? Domin Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, mai ƙafa huɗunta kuma ta fito a 1979, ba lamba ɗaya take zuwa da ita ba. Ta fetur daban, ta dizal daban, mai giyar hannu daban, mai sarrafa kanta daban, kuma wadda aka yi wa Turai ba lalle ta zo ɗaya da wadda aka yi wa ƙasashen Larabawa ba. Duk waɗannan aksiloli suna taruwa a tsibi ɗaya a Gate ta nan Ibadan, ko Ladipo da Owode Onirin a Legas, ko Nkpor kusa da Anacha. Daga waje kamarsu ɗaya, ƙusoshinsu ma suna shiga. Masu Land Rover su ma su kula: tsohuwar nan mai sifirin ganye tana da 4.7, wato haƙora 47 da 10, Defender da tsohuwar Range Rover kuwa 3.54, wato 46 da 13, kuma sau da yawa wannan tana zama a mazaunin waccan. Mai Peugeot 504 akori-kura, irin wadda aka haɗa a Kaduna, shi baya kaɗai ke ja masa, ba shi da wannan damuwa ta gaba da baya, amma lissafin taya ya hau kansa kamar kowa.

Wannan doka ta shafi tayoyi ma. Manya a baya ƙanana a gaba daidai yake da aksil biyu masu lamba daban.

YADDA ZA KA SAN LAMBAR MOTARKA

Akwai faranti a jikin Toyota, a ɗakin inji ko a ginshiƙin ƙofa, mai ɗauke da alamar aksil. Amma motar da ta ratsa hannu huɗu ko biyar kafin ta zo gare ka, farantin yana ba da labarin ranar da ta bar kamfani ne kawai. Gani ya kori ji.

In tukunya a buɗe take, kamar a shago, sa alli a haƙori ɗaya ka ƙirga faifai, sannan ka ƙirga finiyon. Sau da yawa ma an buga lambobin a gefen faifan, goge maiƙon ka duba.

In a jikin mota take, ga yadda ake yi ba tare da an kwance komai ba. A tsayar da mota a wuri mai lebur, a tokare sauran tayoyi da dutse ko katako gaba da baya. A sa giya a furi, a saki birkin hannu. A ɗaga taya ɗaya ta baya, a sa mata matokari mai ƙarfi, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A yi alamar alli a taya, a yi a farfela. Mutum ɗaya ya juya taya sau 20 cif, ɗaya yana ƙirga juyin farfela. In ya samu 41, lambar 4.10 ce. In 43, 4.30. In 45 da rabi, 4.56. In ya kusa 49, 4.88. Abin da ya sa ake juya 20 maimakon 10 shi ne, ƙananan giyoyin nan na tsakiya suna ninka juyin tayar da ke sama idan 'yar'uwarta tana ƙasa. In tayar ta ƙi juyawa da sauƙi, aksil ɗin mai riƙe ƙafa biyu ne, sai a ɗaga duka biyun a juya su tare sau 10. Haka za a yi wa gaba, bayan an kulle makullan cibiyar taya in motar tana da su. Aikin minti goma sha biyar ne, ba ya cin ko kwabo.

AIKIN ƊAURAWA

Yanzu ga 'yan'uwanmu makanikai. Faifai da finiyon miji da mata ne. A kamfani aka goga su tare har suka saba da juna, tare ake sayar da su, tare ake sa su. Faifan wannan da finiyon wancan, ko da adadin haƙora ya dace, ba za su zauna lafiya ba. Kuma a motoci da yawa na gaba ba irin na baya ba ne a girma da yanka, ko da lambar ɗaya ce, saboda haka a faɗa wa mai shago na inda ake nema.

Abubuwa huɗu ake daidaitawa. Na farko, zurfin finiyon, wato yadda ya kutsa cikin faifai, da 'yan siraran washa ake gyara shi. Na biyu, ɗaurin boris na finiyon, kada ya yi sako-sako kada ya shaƙe. Akwai wani ɗan bututu tsakanin boris biyun da ke lotsewa in an ɗaure, sau ɗaya ake amfani da shi, a sa sabo. Na uku, 'yar tazarar da ake bari tsakanin haƙori da haƙori. A aksil ɗin baya na tsohuwar Hilux, kamfani ya ce milimita 0.13 zuwa 0.18. Bai kai kaurin takarda biyu ba. Yatsa ba ya auna wannan, komai daɗewar mutum a sana'a, sai da agogon awo. Na huɗu, a shafa fenti a haƙora kaɗan, a juya gaba a juya baya, a duba inda suka taɓa juna. Shaidar ta fito a tsakiyar haƙori. In ta fito a baki ko a gindi, a kwance a sake.

In aka yi gaggawa a nan, aksil zai riƙa kuka, wani in an taka totur, wani in an saki. Kuma da zarar haƙora sun ci juna a karkace, ko an dawo an gyara kukan ba ya tafiya. Saboda haka, iyayenmu masu motoci, in makanike ya ce aikin kwana biyu ne, kada a tsaya masa a ka a ce yau ake so. Kuma a saya masa sababbin boris da sil. Sa tsohon boris a sabuwar giya, araha ce da ba ta ado.

BAYAN AN FITO DAGA GAREJI

Sabuwar giya tana zafi sosai a farkonta. A yi tafiyar kilomita 20 zuwa 30, a tsaya ta huce, a maimaita haka sau biyu ko uku. Kilomita 800 na farko ban da cikakken lodi, ban da dogon gudu. Bayan nan a juye man, don zai fito da garin ƙarfe, a zuba sabo.

Man kuwa na aksil ne, mai alamar GL-5 a jikin galan, lamba 90 ko 80W-90 ko 85W-140. Haƙoran aksil suna gugar juna ne da matsi mai tsanani, baƙin man inji ba ya riƙe su, balle wanda aka riga aka juye daga wata motar.

Sannan masu ƙetare ƙorama, a saman aksil akwai wani ɗan hanci da yake numfashi da shi. In aksil ya yi zafi ya faɗa ruwan sanyi, iskar ciki takan tsuke ya zuƙi ruwa. A kwance ƙusar awo a duba. In mai ya koma kalar koko, a juye shi ranar. Ɗan tiyo na roba da za a ɗaura a hancin a kai bakinsa sama yana maganin wannan, kuma kuɗinsa bai kai na kwanon abinci biyu ba.

ABIN DA SABUWAR GIYA BA ZA TA YI BA

Ba za ta mayar da motar tan ɗaya ta zama ta tan biyu ba. Mota za ta ja, gaskiya ne, amma sifirin da sandunan aksil da birki suna nan yadda suke. Babbar taya ma rage wa birki ƙarfi take yi. Abin da ya hau tudu sai ya gangaro, kuma rayukan mutane ne a kai.

Ba za ta fitar da kai ba in taya ɗaya ta faɗa laka tana juyin banza 'yar'uwarta tana tsaye. Wannan halin ƙananan giyoyin tsakiya ne, ba ruwansa da lamba. Maganinsa taya mai manyan ƙaya, da rage iska kaɗan, ko aksil mai makulli. Masu cewa a yi wa ƙananan giyoyin walda su haɗe, muna roƙo a bari. A laka za ta yi aiki, a kwalta kuwa kowace kwana tana murɗa sandar aksil har ranar da za ta tsinke.

Kuma kafin a kashe kuɗi, a yi amfani da abin da ke akwai. Ƙaramar giyar nan da direbobi ke kira ogzilari, a tsohuwar Hilux tana ninka ja sau 2.28. Ka haɗa da lamba ɗaya mai wajen 3.95 da aksil 4.30, inji zai juya kusan sau 39 kafin taya ta juya sau ɗaya. Direba ya tsaya a gindin tudu ya sa ta tun bai maƙale ba, ya ɗauke ƙafa daga kuloci, ya bar mota ta hau a hankali. Ita ce kuma ke riƙe mota a gangara ba sai an ƙona birki ba.

Saboda haka shawararmu a taƙaice: wanda yawancin tafiyarsa kwalta ce, daga nan zuwa Ilori ko Arewa, ya zauna a tayar asali da aksil na asali. Wanda ke shiga daji jefi-jefi, ya nemi taya mai ƙaya daidai girman ta asali, wannan ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi. Wanda kuwa kullum yana cikin daji kuma ya yanke shawarar zama da babbar taya, ya yi lissafi ya sauya giya, gaba da baya a lokaci ɗaya. In kuɗin biyun bai samu ba, ya jira.

ROƘONMU GA ƘUNGIYA

Ranka ya daɗe, muna da roƙo huɗu.

Na ɗaya, a buɗe littafi a ofishin ƙungiya, a rubuta lambar aksil ta gaba da ta baya da girman tayar kowace motar ɗan ƙungiya. Mu makanikai za mu yi awon kyauta, mu kuma rubuta lambar da fenti a jikin tukunya.

Na biyu, kada kowa ya biya kuɗin aksil sai an ƙirga haƙora a gaban mai shago, an rubuta lambar a rasit. Masu sayar da kayan nan, Yarbawa da Ibo, abokan hulɗarmu ne na shekara da shekaru, yawancinsu su ma ba su buɗe kayan sun ƙirga ba. Mu baƙi ne a ƙasar nan, iyayenmu da amana suka zauna da mutane. Rigimar kasuwa kowa ya san inda take farawa, ba a san inda take tsayawa ba. Lamba a rubuce tana kashe gardama tun ba ta tashi ba.

Na uku, a sayi agogon awo ɗaya da sifana mai auna ɗauri daga asusun ƙungiya, a ajiye wurin amintacce, kowane gareji ya riƙa ara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, yaran da ake kawo mana koyon aiki, a bar su su yi karatu. Kun dai ji da kunnenku, duk maganar yau ninkawa ce da rabawa. Yaron da bai iya su ba, zai tsufa yana ɗaure ƙusa, wani yana yi masa lissafi.

Kuma duk mai niyyar wannan aiki ya yi shi da rani, lokacin da mota za ta iya hutawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

 Mai tambaya ya same mu a gareji bayan sallar La'asar, ya zo da motarsa da guntun alli. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mana direbobinmu, ya sa albarka a fatauci, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin.